Yadda Abbati Injiniya Ya Tashi Kasuwar Shinkafi

Duk faɗin Ƙaura Namoda babu wanda ya naɗa Abbati injiniya. Shi ya naɗa kansa, kuma da yake mutum ne da ba ya gajiya da magana, sai jama'a suka gaji da musu suka bar masa sunan. In ka zauna da shi a tasha zai ba ka labarin zamansa na Kaduna, yadda ya gyara injin jirgin ƙasa, da yadda wani Bature ya zubar da hawaye ranar da zai dawo gida. Waɗanda suka san zaman nan sun ce rake ya sayar a bakin tashar jirgi. Amma ba a faɗa a gabansa, don wanda ya taɓo wannan zancen ya sayo wa kansa surutun wuni guda.

Motar da yake ja ba tasa ba ce. Fijo ce doguwa mai kujeru layi uku, ta surukinsa Alhaji Mahmuda, dillalin hatsi, dattijo mai tsadar magana wanda kunnensa ya soma nauyi. Alhaji ya ba shi makulli ne don 'yarsa Mero ta ci tuwo da miya mai kyau, ba don ya gamsu da tuƙinsa ba. Da motar nan Abbati yake jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, da ita yake ci da gidansa, da ita kuma yake ɗaga kafaɗa a tasha. In ka raba shi da makullin nan ka raba shi da komai.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, direbobi suka tattara kaset-kaset ɗin kiɗa suka tura ƙarƙashin kujera, kowa ya koma na wa'azi. Gasa ta koma ta wanda malaminsa ya fi fita tar. Motar Abbati kuwa rediyonta na nan, amma muryar da ke fita daga cikinsa ko direba sai ya sunkuya yake jin ta.

Ana nan sai Mero ta je gaida iyayenta ta dawo fuska ba walwala.

“Yau na ji Baba shina yabon Ado,” in ji ta.

Ado ɗan ƙanen Alhaji ne, shi ma direba, ya yi tuƙi a Gusau ya dawo gida ba mota a hannunsa.

“Yabon mi?”

“Wai randa yad ɗauko shi daga Gusau, tun daga tasha har ƙohwar gida shina jin karatu awa gaban malam yake zaune. Taka kuwa wai ba a jin komi sai ƙugin inji da labarin Kaduna.”

“To sai mi?”

“Sai yac ce ran kasuwar Shinkahi za shi bi ka sayen raguna, Ado na baya. In kun dawo za shi san wanda yad dace da makulli.” Ta matso ta rage murya. “Don Allah kak ka yi komi. Ka wanke mota, ka kama bakinka, shi ke nan.”

Shawara ce mai kyau, shi ya sa Abbati bai ɗauka ba. Kashegari ya shiga kasuwa ya sayo sifika biyu, masu faɗin kwanon sha, a cikin kwali mai sheƙi. Mai rewaya, mai gyaran wayoyin mota da ke kusa da shagon, ya ce ya kawo ya ɗaura masa kafin ya gama shan shayi.

“Ni za ka ɗaura ma?” in ji Abbati. “Ni da nis sa ma jirgin ƙasa hon?”

Ya kawo mota gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya buɗe ƙofofi huɗu, ya baza sukundireba da filaya da salatif a kan tabarma. Kafin ya naɗe hannun riga 'yan kallo sun taru. Tsohuwa Gimbiya, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta jawo kujerarta ta tsuguno ta matso da ita inuwa. Ado ma sai ga shi da karan rake a hannu, ya jingina da bango kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi.

Abbati ya fara da ƙofar gaba, gefen da Alhaji zai zauna. Sai an huda kwalin da ke jikin ƙofar sannan sifika ta shiga. Ba shi da abin awo, sai ya aika cikin gida aka kawo murfin tukunyar miya, ya kifa, ya zagaye shi da gawayi, ya bi layin da wuƙar yankan kuɓewa.

“Ɗan nan,” in ji Gimbiya, “murhin ga ya hi abin ga hwaɗi.”

“Iya, sauti iska shika so. Ku ba ku san wannan ba.”

Ya ɗauki sifika ya kai bakin ramin. Ta wuce salin-alin ta faɗa cikin ƙofa. Aka ji ƙwal, mayen ƙarfen da ke bayanta ya kama jikin mota daga ciki ya riƙe gam. Abbati ya zura hannu har kafaɗa, ya ja, ya yi nishi, ya fito da hannu baƙi ƙirin da man giris, sifika ko motsi. Da ya gwada murɗa gilashi sai ya tsaya a rabi, ba sama ba ƙasa.

“Ta shiga?” in ji Ado.

“Nan nika son ta. Turawa ciki suka sa ta don ƙura.”

“To ramin hwa?”

Abbati ya shiga gida ya fito da sabon faifan Mero mai ado ja da kore, ya rufe ramin da shi, ya kafe da ƙusa. Ya ja da baya ya karkata kai yana kallo, ya ce ko a Kaduna motar manya ce kaɗai ake yi wa irin wannan kwalliya. Mero ta leƙo daga soro ta ga faifanta, ta koma ciki.

Saura sifika ɗaya. Ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya zaro rediyo daga mazauninsa, wayoyi suka biyo shi kamar taliya. A nan ne ya gano ya manta wadda ke kawo wuta. A wurin Abbati kuwa waya waya ce, bambancin launi ado ne na masu kamfani. Ya kama wadda ta fi kusa ya haɗa, ya sa kaset, ya danna. Shiru. Ya jijjiga, shiru. Gwiwar hannunsa ta bugi tirafigeta, makunnin fitilar kwana, sai ga muryar malam ta fito.

“Ya ku...” Shiru. “...bayin...” Shiru. “...ku ji...” Shiru.

Fitilar kwana tana ƙyaftawa, malam yana magana da ita yana yin shiru da ita.

“Allah sarki,” in ji Gimbiya. “A ba malamin ga ruwa, shaƙuwa ta kama shi.”

“Gwaji na,” in ji Abbati. “Sai an gwada kowace hanya.”

Ya cire ya haɗa da wata. Wannan karon malam ba ya buɗe baki sai an taka birki, da an ɗaga ƙafa ya yi gum. Ado ya tofar da ɓawon rake ya ce ai wannan ma ta yi, sai a tafi Shinkafi ƙafa a kan birki, in Allah ya so a isa kafin kasuwa ta gaba. Masu kallo suka kwashe da dariya, har da mai wankin hula da bai taɓa yi wa kowa murmushi ba.

Ran Abbati ya ɓaci. Ya ce ya gane matsalar, wayoyin motar nan duk rowa gare su, daga batir zai jawo wuta kai tsaye. Ya jawo. Rediyo ya kama da kyau, ko an kashe mota yana aiki, abin da Abbati ya ce shi ne sabon yayi. Amma garin murna ya ɗosana bakin wayar a jikin sifika. Aka ji fat, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujera da warin ƙonanniyar roba. Daga nan sifika ta biyu ba ta ƙara cewa uffan ba.

“Ɗaya ta nutse, ɗaya ta ƙone,” in ji Gimbiya, tana ɗaukar tirenta. “Sannu da aiki, Injiniya.”

Wani da ya kai nan sai ya rufa wa kansa asiri ya koma wurin mai rewaya. Abbati kwana ya yi yana tunani, ya tashi da cewa laifin sifikun ne, sun yi ƙanƙanta. Mutumin da kunnensa ya yi nauyi ba a yi masa magana da kwanon sha. Ya tuna da Muhtari mai magani, mutumin Zurmi, wanda ya shekara da shekaru yana yawon ƙauyuka da tallar maganin basir har motarsa ta mutu ta bar shi da lasifika. Irin ta masallaci ce, mai baki wangame, an shafe ta da ruwan ɗorawa, tana da akwatinta na ƙara murya. Abbati ya je Zurmi ya ɗauko ta, Muhtari har da rakiya yana sa masa albarka.

Ya ɗaure ta a kan kariyar ɗora kaya da ke bisa rufin mota, baki yana kallon gaba. Wayarta ya zura ta cikin wani tsohon bututun ruwa don kada ɓarayi su yanke. Wayar batir ta hana bonet rufuwa, sai ya hau kai ya zauna da ƙarfi har ya ji ƙas.

Saura kaset. Ya san malamin da Alhaji ya fi so, mai karatu kafin azahar a masallacin unguwarsu. Ya ari rikoda ya kai gaban malam ya danna, ya fita waje ya kama wani baƙo da labarin jirgin ƙasa. Bai dawo ya ɗauki rikodar ba sai da aka tayar da salla. A gida ya sa kaset ɗin a mota don gwaji. Kalmar farko ta watsa kajin unguwa, akuyar Gimbiya ta tsinke igiya. Abbati ya kashe yana washe baki. Bai saurari sauran ba, don tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba. Ramin kaset ɗin yana yawan tofo shi waje, sai ya tokare shi da tsinken ashana.

Ran kasuwa ya kai mota ƙofar gidan Alhaji, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ido a kan takalmi, yadda ake yi wa suruki. Alhaji ya amsa a taƙaice. Ya dubi abin da ke kan mota, ya dubi faifan da ke jikin ƙofa, ya gwada gilashi ya ga ba ya motsi. Kunyar suruki ta hana shi tambaya, ya shiga ya zauna da butarsa a gefen ƙafa. Ado ya shige baya.

Da suka fita gari Abbati ya danna kaset. A nan wani abu ya bayyana wanda bai yi tunaninsa ba. Lasifika tana bisa, bakinta yana kallon titi, duk karatun gaba yake tafiya ya bar mota a baya. Manoman da ke can tsakiyar gona suna ɗago kai, amma a cikin mota ba a jin komai sai rufi yana rawa.

Alhaji ya kara hannu a kunne. Bai dubi Abbati ba, ya yi magana da gilashin gaba.

“Ado, ka ce a ƙara kaɗan.”

“Injiniya, Baba ya ce a ƙara.”

Abbati ya murɗa. Wani jaki da ke gefen hanya ya watsar da kayan itace ya yanki daji, mai shi na binsa.

“Ado, har yanzu ban jiya ba.”

Abbati ya murɗa har ƙarshe, ya ƙara murɗawa, sai ga maɓallin a tafin hannunsa. Ya dubi Alhaji ta wutsiyar ido. Ta yaya mutum zai buɗe baki ya ce wa surukinsa ya karya masa rediyo? Ya tura maɓallin cikin aljihu ya kama sitiyari da hannu biyu, gumi yana bin bayansa.

A wani ƙauye mutane suka fito bakin titi suna ɗaga hannu. Abbati ya ce fasinjoji ne sun ji karatu sun kwaɗaitu, ya taka birki don Alhaji ya gani. Ashe lasifikar suka gane. Wani tsoho ya dogaro sanda ya zo ya sa baki ta rabin gilashin Alhaji, ya ɗaga murya don ta fi ta malam.

“Kun daɗe ba ku zaka ba. A ba ni na basir ƙulli biyu, irin na bara.”

“Mi yac ce?” in ji Alhaji.

Ado ya sunkuyo ya maimaita masa a kunne, dalla-dalla, bai rage ko harafi ba. Alhaji ya gyara zaman hularsa ya dubi gaba. Abbati ya ja mota, tsohon yana bin su da cewa ko ƙulli ɗaya ne a taimaka.

Da hantsi suka iso Shinkafi. Kasuwa ta cika maƙil, motocin shanu daga Nijar, masu buhunan gero, masu tabarmi, masu jan raƙuma. Motar ta kutsa bakin kasuwa ta maƙale a cikin jama'a, ba gaba ba baya. Abbati ya ji daɗin haka. Ya fito da gwiwar hannu ta taga yana amsa kallon mutane da kai. Malam ya kai ƙarshen karatu, ya yi addu'a, ya shafa. Aka ji ƙarar tabarmi da tarin tsofaffi. Sai wani ya yi gyaran murya a cikin kaset, ya soma kiran salla.

Rikodar da Abbati ya bari a masallaci ta ɗauki har kiran azahar, ga shi yanzu yana fita da ƙarfin da ba a taɓa ji ba a garin.

Kasuwa ta yi tsit. Mutane suka ɗaga kai suka dubi rana, suka dubi inuwarsu, inuwa ta ce da saura da yawa. Amma a shekarar nan kullum da sabon tsari, kuma babu mai son a gan shi zaune an kira salla, balle a ji shi yana tambaya. Mai goro ya ga mai gishiri ya miƙe, sai ya miƙe. Mai gishiri kuwa ganin mahauci ya ajiye wuƙa ne ya tashe shi. Nan da nan aka shiga rufe kaya da buhuna. Dillalai suka saki hannun juna ciniki a tsakiya. 'Yan garuwa suka ga kasuwa ta buɗe musu, suka bazu da ruwan alwala. Mata masu fura suka kife faya-fayai suka koma gefe.

Abbati ya kashe mota, kira bai tsaya ba. Ya zare makulli gaba ɗaya, kira na ci gaba. Ya danna abin fito da kaset, tsinken ashana ya riƙe aikinsa da gaskiya. Ya laluba maɓalli a aljihu ya faɗi ƙarƙashin kujera. Ya fita da gudu ya ja bonet don ya cire batir, bonet ya ce ai kai ka zauna a kaina. Ya kama waya zai tsinke, bututun ruwa ya kare ta daga ɓarayi har da mai ita.

“Ado, taimaka mini,” in ji Abbati.

“Ni mi nis sani ga aikin injiniya?”

Abbati ya taka taya ya hau kan mota, ya tuɓe babbar rigarsa ya cusa a bakin lasifika, ya bi da hula. Sai dai kafin ya gama, ladanin kaset ya kai ƙarshe ya yi salati. Abbati ya tsaya a bisa daga shi sai 'yar shara, ya duba ƙasa. Kujerar gaba ba kowa.

Abin da ya faru shi ne, da Alhaji ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa waje, a karon farko tun Ƙaura ya ji sautin motarsa sosai, amma bai san nata ba ne. Ya ji kiran salla, ya ga jama'a na tafiya, ya ɗauki butarsa ya yi alwala a natse, ya bi su. Da yake dattijo ne mai kwarjini, aka buɗa masa hanya har sahun farko.

Ladanin masallacin kasuwa, Malam Hafizu, yana gaban wanzami a lokacin, an aske rabin kansa. Ya ji ana kiran salla a masallacinsa ba da muryarsa ba. Ya ture hannun wanzami ya taso da kumfa a ƙeya, ya iske masallaci ya cika har waje, an daidaita sahu ana jiran liman, liman kuwa yana gona.

“Jama'a, wace salla za ku yi?”

Aka dubi juna. Wani daga baya ya ce ai shi ya kira.

“Ni? Ku dibi kaina. Da wanga kai nika kiran salla?”

“To wa yak kira?”

Wani mai tabarmi ya nuna bakin kasuwa. Kowa ya juya. Ga mota fijo, ga mutum tsaye a kanta ba babbar riga, yana rungume da lasifika mai ruwan ɗorawa.

“Motar wa ta?” in ji ladan.

A Shinkafi duk mai sayar da hatsi ya san motar. Murya ta fi goma ta amsa a tare cewa ta Alhaji Mahmuda ce na Ƙaura. Sai kuma aka lura ga Alhaji Mahmudan nan a sahun farko, gemunsa bai bushe da ruwan alwala ba. Wanda ke kusa da shi ya faɗa masa a kunne. Alhaji ya miƙe ya nemi takalmansa.

Aka sauko da Abbati aka kai shi rumfar sarkin kasuwa, rabin kasuwa na biye. Mahauci yana cewa kare ya ɗauke masa cinya guda, dillali yana cewa mai sayen sansa ya sake tunani a sahu ya fasa.

“Kai wa yab ba ka ladanci?” in ji Malam Hafizu.

“Malam, ba ni na ba, na'ura ta.”

“Wa yad ɗaura na'urar?”

“Ni na. Kuma ka hwaɗi gaskiya, ka taɓa tara jama'a haka da taka?”

Sai da aka riƙe ladan. Sarkin kasuwa, wanda tun ɗazu yake danne dariya da bakin rawani, ya ce kuskure ne ba ganganci ba, albarkacin Alhaji a bar maganar. Ya sa aka ɓalle bonet da ƙarfe aka cire waya, aka kwance lasifika aka ajiye a rumfarsa. Kowa ya koma ya buɗe kayansa yana tsaki. Alhaji ya wuce kara da Ado sayen raguna, bai ko dubi inda Abbati yake ba.

Abbati ya soma samun natsuwa. Har ya sami masu sauraro a wurin mai shayi yana yi musu bayanin cewa a Kaduna da irin wannan ake tashin unguwa bakwai. Yana cikin haka rana ta karkata, azahar ta gaskiya ta yi. Malam Hafizu, kai a aske tas yanzu, ya shiga ya kira salla da 'yar lasifikar masallaci.

Babu wanda ya motsa. Mai goro ya dubi mai gishiri, mai gishiri ya ce wallahi ba a yi masa sau biyu. Mahauci ya ce mai motar nan ne ya sake. Ladan ya gama ya juyo ya ga tsofaffi uku a masallaci, ɗaya ma barci ya kawo shi. Ya fito a fusace ya nufi rumfar sarkin kasuwa.

Sarkin kasuwa ya sa aka kira Abbati. Wannan karon bai yi dariya ba.

“Kai kab ɓata, kai za ka gyara. Ka bi rumhwa-rumhwa da ƙahwarka, ka hwaɗa ma kowa da bakinka wagga ta gaskiya ta.”

Haka Abbati Injiniya ya ratsa kasuwar Shinkafi cikin rana tsaka, riga a yamutse, yana tsayawa gaban kowane mai tebur yana cewa don Allah a tashi, wannan ba shi ba ne. Wasu suka ce ya rantse. Wasu suka ce in dai daga bakinsa ne sai sun ga inuwa da idonsu. Wata mai fura ta tambaye shi ko da sauran na basir. Kafin ya kai layin masu tukwane muryarsa ta dushe, sai nuni yake da hannu.

Bayan an idar da salla ya dawo wurin mota yana jan ƙafa. An riga an ɗaure raguna biyu a layin baya. Alhaji yana tsaye da carbi, Ado a gefensa. Abbati ya durƙusa. Ya so ya ce wani abu, babu murya.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi gefe, ya yi magana a hankali.

“Ado, ka ce ma mijin ɗiyata shi ba ka makulli.”

Ado bai maimaita ba, ya miƙa hannu kawai, kuma a fuskarsa babu dariya. Makullin yana ɗaure da na ɗakin Abbati a igiyar fata ɗaya, sai da ya sa haƙori ya kwance ƙullin a gaban mutane. Ya ji zafin abin har cikin ransa, zafin da ya fi na duk dariyar da aka yi masa tun safe. Ya shiga kujerar tsakiya, wurin da bai taɓa zama ba. Har Ƙaura rago ɗaya yana tauna masa wuyan riga, bai ko juya ba.

Da la'asar sakaliya Mero ta ji ƙugin motar ya zo daidai ƙofar gida, ya ɗan tsaya, ya wuce. Sai ga sallamar mijinta ƙasa-ƙasa. Labari ya riga shi isowa, matan unguwa sun kawo mata shi da ɗuminsa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ruwa da kwanon tuwo, ta zauna nesa kaɗan tana kallonsa. Haushi take ji, amma tausayi ya fi yawa.

“An ce har masunta bakin gulbi sun aje komar kamun kihi sun yi alwala,” in ji ta.

Abbati ya ɗago kai. Da ragowar muryar da ta saura masa ya ce, “Har gulbi?”

“Haka anka ce.”

“To kin gani.”

Ya jawo kwano ya kai loma biyu. Sai ta ce gero ya kusa ƙarewa, gobe da me za a fita nema? Abbati ya sa hannu a aljihu yadda ya saba, ya laluba, ya fito da igiyar fata da makullin ɗaki shi kaɗai. Ya daɗe yana kallonsa, tuwo na hucewa a gabansa.